Zaɓen Fuska-ga-Bango

Litinin, da hantsi

Likita ya ce jinina ya hau, in daina riƙe magana a ciki. Na ce to wa zan faɗa wa? Tsohuwa, matata, da na buɗe baki sai ta ce tukunyarta na kan wuta. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Ban yi makaranta ba. Ɗan rubutun da na iya a ajin manya na ƙungiya na koye shi, ajin da ni na buɗe, ni na ɗauko allonsa a ka. Duk wanda bai gane rubutuna ba, da ma ba shi na rubuta wa ba.

Ni ne shugaban ƙungiyar gama kai ta manoman albasa tun ranar da aka kafa ta. Lokacin ba mu da ko benci. Dillalai ne ke biyo mu gona su saya yadda suka ga dama, mu yi musu godiya. Yau muna da sito, muna da sikeli, muna da motar haya mai kai kayanmu kasuwa. Makullin siton yana wuyana, da shi nake kwana.

Da can in lokacin zaɓen shugaba ya yi, Magatakarda kan miƙe ya ce, "Akwai wani?" A ce babu. A sha shayi a watse. Jiya ya ce, "Akwai wani?" sai aka ce akwai.

Maganar rufin sito ba zan yi ta a nan ba.

Litinin, da yamma

Mai Takara ta kawo mini ruwan wanka. Ya yi zafi da yawa. Na gane saƙon.

Talata, da safe

Mai Takara a ɗakin da ke kallon nawa take kwana, tun da mijinta ya tafi aiki nesa ta dawo gida. Autata ce. A wuya nake ɗaukar ta zuwa taro tana ƙarama, ta yi barci a kan buhu. Ni na dangwala yatsa a takardar da ƙungiya ta tura ta kwalejin gama kai, lokacin da wasu ke cewa ɓarnar kuɗi ce. Ta dawo ta fara da rubuta buhuna a bakin sito, daga nan aka ba ta kula da sayarwa. Na ɗauka tsanin ya ƙare a nan. Ashe matakin sama kaina ne.

A littafin nan ba zan kira ta Auta ba sai bayan zaɓe.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana?"

Na ce, "Da wane bakin kike gaishe ni, na gida ko na ƙungiya?"

"Na gida, Baba."

"To lafiya lau. Na ƙungiyar ki riƙe abinki."

Tsohuwa ta ce in sha shayina kafin ya huce, tunda shi bai tsaya takara ba.

Laraba, da rana tsaka

Wari ya kai bakin titi. Mai Shayi ya janye teburinsa daga jikin sito ya koma kusa da mai faci. Ya ce masu saye suna cewa madararsa ta lalace. Na ce ai albasa da ma ba turare ba ce.

Ruwan sama ba ni na aiko shi ba. Tamfol ɗin da na shimfiɗa mai kauri ne, kowa ya gani. Duwatsun da na danne shi da su ni na hau da su da kaina, da wannan gwiwar. Amma na ce ba zan yi maganar ba.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta yadda muke zaɓe, don yaran yanzu sun ɗauka daga sama ya faɗo.

A shekarun farko hannu muke ɗagawa. Aka yi zaɓen ma'aji, wani ya ga surukinsa bai ɗaga masa ba, suka yi shekara ba sa gaisawa, har aure ya nemi mutuwa. Sai na kawo dabara. Masu takara su tsaya jikin bangon sito, fuska ga bango. Mutane su jera a bayan wanda suke so, ba magana, ba tari. Magatakarda ya ƙirga. Kowa ya watse ya cakuɗe, sannan a ce wa masu takara su juyo. Ba ka san wanda ya bi ka ba, ba ka san wanda ya guje ka ba, kuma haramun ne ka tambaya. Wanda ya waiwaya kafin a ba shi izini, wata guda zai yi yana aikin ƙarfi a sito. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa waiwayawa, na yanke masa, ya share sito har tsintsiya ta ƙare.

Ƙungiyoyi na nesa sun zo sun koyi wannan dabara. Ba wanda ya taɓa ce mini na gode.

Abin da ban yi tunani ba lokacin shi ne wata rana ni zan kalli bangon.

Asabar, da hantsi

Na zaga gidajen mambobi. Kowa na shiga sai ya ce, "Haba Shugaba, ai muna bayanka." Dogo har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Mai Shayi ya ƙara mini sukari. Na dawo da ƙarfina.

Gida ɗaya na tsallake, na Mai Sikeli. Da shi muka fara ƙungiyar nan, amma rabona da yi masa magana tun ranar da baƙi suka zo daga babban ofis, ya miƙe a gabansu ya ce wai shi ya fara kawo shawarar a kafa ta. Shi! Mutumin da a ranar barci yake yi a gindin bishiya. Tun daga nan in ina da magana da shi sai in faɗa wa sikelin, shi kuma ya ba sikelin amsa. Aiki bai taɓa tsayawa ba.

Asabar, da yamma

Ina bayan katanga ina ɗaure akuya na ji muryar Dogo a ƙofar gida. Yana ce wa Mai Takara, "Haba 'yata, ai muna bayanki."

Hannu biyu ya riƙe mata ko ɗaya, ban gani ba.

Lahadi

Ba abin rubutawa. Wari.

Litinin, bayan cin abincin rana

Wani jami'i ya zo daga ofishin haɗaɗɗiyar ƙungiya, da jaka da takalmi mai ƙara. Ya toshe hanci da hankici ya yi mana lacca a kan shugabanci. Wai shugaba nagari shi ne mai shirya magajinsa. Na ce na shirya, shi ya sa take neman ture ni.

Bayan taro ya ja ni gefe ya ce, "Baba, me zai hana ka janye cikin mutunci? Sai mu naɗa ka Uban Ƙungiya. Akwai takardar yabo mai gilashi."

Na ce, "Uban Ƙungiya yana riƙe makulli?"

Ya ce a'a.

"Yana buɗe taro?"

"Yana zama a gaba, Baba."

Na ce, "Tulun ruwa ma a gaba yake zama." Na ce ya gaida mutanen ofis.

Talata, da safe

Tsohuwa mamba ce, tana da 'yar gonarta. Na same ta tana tsince shinkafa na ce, "Ke bayan wa za ki tsaya?"

Ta ce, "Malam, ba kai ka hana tambaya ba?"

"A sito na hana. Nan gidana ne."

"To a gidanka ina bayanka. Matsa, ka tare mini haske."

Shekarun da muka yi tare da matar nan, ban taɓa cin ta a magana ba. Na rubuta ne don a sani.

Laraba, da la'asar

Mai Takara ta shigo ɗakina ta zauna a bakin ƙofa. Na ɗauki rediyo na kara a kunne, ko batir babu a ciki.

Ta ce, "Baba, ba kujerarka nake so ba."

Na ce kujerar ma ƙafarta ɗaya ta karye, ni kaɗai na san yadda ake zama a kanta.

Ta ce, "Tun kafin damina na ce a kira kafinta. A taro na faɗa, a gida na faɗa. Ka ce kafinta ɓarawo ne."

"Ɓarawo ne."

"Baba, noman shekarar mutane ne a ciki. Matar marigayi Maƙeri ta zo wurina tana kuka, duk abin da ta noma yana ɓangaren da ya jiƙe. Dillalai sun fara zagayawa gida-gida. In ba a ga canji ba, rabin mutane za su koma musu. Abin da ka gina ne nake tsoron ya rushe."

Na ce ta rufe mini ƙofa in ta fita, sauro na shiga.

Ta tashi. A bakin ƙofa ta ce, "Ka sha maganinka?"

Ban sha ba. Na ce na sha.

Laraba, bayan faɗuwar rana

Ban ci abinci ba. Ba don maganarta ba. Gishiri ya yi yawa.

Alhamis, da hantsi

Na kai wa matar Maƙeri buhu daga cikin tawa albasar da ke gida. Na ce mata kuskure aka yi a sito, nata ne. Ta kalli bakin buhun ta ga ɗinkina, ta karɓa. Kada wani ya ɗauka neman ƙuri'a ne. Ko da yake in ta ba ni ba zan ƙi ba.

Juma'a, da yamma

Na yanke shawara. Ba zan tsaya kamar jaki a jikin bango mutane suna cin amanata a ɓoye ba. Doka ta ce kada a waiwaya. Ba ta ce komai a kan madubi ba. Ni na yi dokar, na san abin da ke cikinta.

Na je wurin Bakanike na ce ya sayar mini da tsohon madubin babur. Ya ce, "Baba, ka sayi babur ne?"

Na ce aski zan riƙa yi.

Ya ce, "To ka sani, irin wannan gefe yake ɗebowa, ba bayanka sak ba. Don a ga mai shirin wuce ka aka yi shi."

Yaran yanzu kowa malami ne. Madubi madubi ne. Tun kafin a haifi ubansa nake kallon fuskata.

Asabar, da safe

Na yi gwaji a tsakar gida. Na fuskanci bango, na soke madubin a hammata ta cikin babbar riga, na ɗan ɗaga hannu kamar mai susa. Na ga akuya sarai, har abin da take tauna.

Tsohuwa ta fito da bokiti ta tsaya. Ta ce, "Malam, lafiya? Ko in kira likitan?"

Na ce motsa jiki nake yi.

"Da madubi a hammata?"

Na ce ta faɗa mini gaskiya, akuya tana bayana ko ba ta bayana?

Ta ce, "Akuya dai ga ta can wajen murhu."

Ta matsa ne. Akuya ba ta zama wuri ɗaya.

Litinin, da rana

Mai Sikeli ya ce wa sikeli, "A faɗa wa wasu, masu tsufa su san sun tsufa."

Na ce wa sikeli, "A faɗa wa wasu, na girme su da wata biyu kacal, kuma haƙorana sun fi nasu yawa."

Magatakarda ya ce don Allah mu bar sikelin ya huta.

Mai Sikelin nan shi zai fara tsayawa a layin Mai Takara, na sani. Da gudu ma zai je, in gwiwa ta bar shi.

Laraba

Mai Takara ta goge mini rigar da zan sa gobe. Ta ninke ta ajiye a kan gado. Na duba ko ta ƙona wani wuri. Ba ta ƙona ba.

Alhamis, da sassafe

Yau ne. Na sha magani. Madubi na hammata, makulli na wuya.

Alhamis, da yamma

An yi zaɓe.

Juma'a

Gwiwa.

Asabar, da hantsi

Likita ya ce kada in riƙe, to ga shi.

An tsayar da mu jikin bangon sito, ni ta wajen bishiya, ita can damana. Warin da ke fitowa ta tagar nan kaɗai ya isa hukunci. Magatakarda ya ce a jera. Na ji takun ƙafafu. Na ɗaga hannu na yi susata.

Wadda na fara gani Tsohuwa ce, a sahun gaba, ta riƙe mayafi da haƙori. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, matar nan bakinta ne kawai, zuciyarta tawa ce. Bayanta Dogo. Na yafe masa nan take. Bayansa Mai Shayi, sai matar Maƙeri, sai ƙanena da na sa shara. Layi har ya tanƙwara ya nufi titi. Ina kallo ina sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya.

Na duba waɗanda babu. Ba Kurma, ba wasu tsofaffi biyu da ba sa gani sosai, ba Mai Sikeli. Na ce da ma na faɗa.

Har tausayin yarinyar ya kama ni. Na shirya abin da zan ce mata a gaban jama'a: cewa ta yi ƙoƙari, lokacinta na zuwa, kuma gobe a kira kafinta, ɓarawon. Na ma yi niyyar in kira ta Auta.

Aka ce a watse. Aka ce mu juyo. Na juyo ina murmushi ina ɗaga wa mutane hannu, hannun da ba madubi.

Magatakarda ya faɗi nata. Ya faɗi nawa. Ba zan rubuta lambar ba. Tabarma ɗaya za ta ɗauke su, har a sami wurin ajiye buta.

Na ce, "Ka juya lissafin, Magatakarda. Nawa ka ba ta."

Ya ce, "Shugaba, sau biyu na ƙirga. Naka ma bai buƙaci na biyun ba."

Na ce, "Ƙarya ne. Layina har titi ya kai. Da idona na gani."

Dogo ya ce a hankali, "Da wane idon, Shugaba? Ai fuskarka na bango."

Na ɗaga hannu zan yi rantsuwa. Hannun da bai kamata ba. Abin ya zame ta cikin riga ya faɗo a kan ƙafata, ya yi ta juyawa a ƙasa kamar faranti, kowa na kallo har ya kwanta. Bakanike ba mamba ba ne, kallo ya zo, amma daga bayan taro na ji ya ce, "Na faɗa masa gefe yake ɗebowa."

Dariyar da aka yi ba zan rubuta ta ba. Tsohuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce wai kuka take yi.

Mai Takara ba ta yi dariya ba. Na ciro makulli, igiyar ta maƙale a kunnena, ita ta sa hannu ta cire. Magatakarda ya ce, "Shugaba, akwai maganar doka." Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Wasu suka ce a bar shi, dattijo ne. Jami'in ofis ya ce a rufe maganar cikin mutunci. Na ce madubi ba waiwaye ba ne. Ta dube ni ta ce, "Baba." Ta tsaya. Ta sake cewa, "Mamba ya ga abin da doka ta hana a gani. Wata guda, aikin sito. Ranar Litinin kafinta zai fara, ana buƙatar mai riƙe tsani."

Muryarta ba ta yi rawa ba sai a kan tsani. Ni ranar da na yanke wa ƙanena, tun daga farko tawa ke rawa. Ba yabo nake yi ba. Abin da ya faru nake rubutawa.

Asabar, da la'asar

Ina kwance sai lissafi ya zo mini. In duk waɗanda na gani a madubi nata ne, to waɗanda ban gani ba fa?

Na tashi zaune.

Lahadi, da rana

Kurma ya nuna mini da hannu cewa ya ɗauka layin rabon taki ne, ya ga gajere ya shiga. Tsofaffin biyu kuwa inda aka ajiye su nan suka tsaya.

Saura mutum ɗaya. Wannan yana gani, yana ji, ya san ba a rabon taki.

Da na san haka ne da ban sayi madubin ba. Mutum yana zaman lafiya da abokin gabarsa, a zo a ɓata masa.

Litinin, da yamma

Kafinta ya zo da sabon kwano. An yaye tamfol ɗina an jefo ƙasa, da duwatsun. Ban kalla ba.

Tsanin dogo ne, sai mutum biyu. Na kama ƙafa ɗaya. Da na ɗaga kai, Mai Sikeli ne riƙe da ɗayar. Ba wanda ya yanke masa hukunci, shi ya kawo kansa. Sikeli kuma yana can ciki, ba wanda za a aika.

Muka daɗe. Kafinta na ta buga guduma a kanmu.

Na ce, "Sannu."

Ya ce, "Da wa kake?"

"Da tsani."

"Tsani ya amsa."

Ban tambaye shi komai ba, doka ta hana. Shi ne can ya ce, yana kallon sama, "Wajenka ne ke da inuwa. Kada ka sa wani abu a ranka."

Na ce ban sa ba.

Ya ce, "Tamfol ɗinka kuma shirme ne. Tun ranar na faɗa wa sikeli."

Na ce, "Bai isar da saƙon ba."

Ya ce, "Kuma ni na fara kawo shawarar kafa ƙungiyar nan."

Na ce ya riƙe tsani da kyau kada ya kashe mana ɓarawo kafin ya gama aiki.

Da aka tashi ya raka ni har kwana. Gwiwarsa ta fi tawa lalacewa, na lura.

Talata, bayan faɗuwar rana

Auta ta kawo ruwan wanka. Daidai yake.

Na ce mata kafintan nan yana tsallake ƙusa a kowane kwano, daga ƙasa nake ƙirga bugun gudumarsa. Ta ce, "Da wane bakin kake faɗa mini, Baba, na gida ko na ƙungiya?"

Na ce na ƙungiya.

Ta ce to in kawo a taron Alhamis, in ɗaga hannu kamar kowa, in an ba ni dama in yi magana.

Tsohuwa ta ce ba zan iya ba, wai ban taɓa jiran a ba ni dama ba tunda aka haife ni.

Zan ɗaga. Na riga na faɗa wa Mai Sikeli ya goyi bayana.